Baba Wasiƙa da Ƙafar Hatimi

Shekara talatin da ɗaya Baba Wasiƙa ya yi yana raba wasiƙu a ƙafa, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a samu mutum ɗaya da ya taɓa gama gaisawa da shi ba. Kana cikin "ina kwana" yana gabanka, kafin ka kai ga "ya iyali" ya riga ya sha kwana. Sau biyu ofis suna ba shi keke yana mayar musu. Wai keke ɓata masa lokaci yake yi, a jingine shi, a kulle, a buɗe, ga faci kullum. Dogo ne siriri, kafaɗarsa ta hagu ta sauka ƙasa saboda jakar fata, kuma ba ta sake komawa daidai ba har ya tsufa. Duk bayan wata uku sai an sake wa takalminsa ƙasa.

A wancan zamanin wasiƙa tana da daraja. Da sassafe ake zazzage buhuna a kan dogon tebur a ɗakin tantancewa, ɗakin yana warin gam da danshin buhu, ana jin bugun hatimi daga can gaba, tim, tim, tim. Sauran ma'aikata da lambar gida suke jera nasu. Shi kuwa da ƙafarsa yake jerawa: wannan gida kafin wancan, domin akwai 'yar hanya ta bayan shagon kafinta da ke rage masa taku arba'in. Ya ɗaure kowane layi da roba, ya cusa a jaka, ya fice. Ya san gidan da ake tsayawa a ƙofa ana jiransa. Akwai wata tsohuwa da ɗanta ya tafi neman aiki nesa, tun daga kan kwana yake ɗaga mata ambulan sama in akwai, in babu ya girgiza kai, don kada ta wahala da jira. A ganinsa sauri shi ne tausayi. Mutum yana jiran labari, me zai sa ka tsaya kana tambayar wani yadda ya kwana?

To, wannan mutumin shi ne ya auri macen da ba a taɓa ganin ta yi gaggawa ba. Mai Ɗaki yake ce mata, har unguwa ta ɗauka. Gajera ce mai jiki, mai yawan dariya. In suka fita kasuwa tare, tare ɗin a bakin ƙofa yake ƙarewa. Shi zai karɓi kwandon ya yi gaba, ya iso gida, ya wanke ƙafa, ya ɗora ruwan shayi, ruwan ya tafasa, sannan a ji motsinta a ƙofa. Shi a wajensa taimako yake yi mata. Ita kuma ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, sai dai in mata suka tsokane ta ta ce ita dai guguwa ta aura, a yi mata haƙuri. Haka suka yi shekara talatin da takwas, suka haifi uku, suka aurar, Auta ce ta ƙarshen barin gida.

A shekararsa ta ƙarshe a aiki, lokacin wayar hannu ta cinye wasiƙa, jakar ba ta ɗaukar komai sai takardun hukuma, ya tarar da wasu masu tashi daga gida sun bar ɗan kwikwiyo a kwali a bakin ƙofa. Wuri kuwa akwai a jaka, sai ya saka shi. Fari ne mai gashi, da baƙin tabo zagayayye a gadon baya kamar an buga masa hatimin ofis, shi ya sa sunan Hatimi ya bi shi. Irin ƙananan karnukan nan ne da ba sa girma, har ya tsufa bai wuce mage ba. Mai Ɗaki ta ce wallahi ba za ta zauna da kare ba, a mayar da shi inda aka ɗauko. Kafin mako ya zagayo ta ɗinka masa katifa da tsohon zane ta ajiye a baranda. Daga nan kare ya zama nata. Duk inda za ta, yana gefen ƙafarta.

Shekara bakwai suna haka, sai ta kwanta ciwo na 'yan kwanaki ta rasu. Gida ya rage daga Baba sai Hatimi, kowa yana kallon ɗan'uwansa. Baba bai iya hira da kare ba, bai iya shafa shi ba. Abu ɗaya ya iya, shi ne tafiya. Kullum da safe ya ɗaura masa igiya su bi tsohuwar hanyar aikinsa, shi yana zabga taku, ɗan karen yana gudu a baya harshe waje. Wata safiya bayan ruwan sama, a matakalar tsohon ofishin, Hatimi ya zo saukowa da gudu don kada a bar shi, ya zame, ƙafar baya ta dama ta faɗa tsakanin matakala da kwata. Ƙara ɗaya ya yi. Baba ya ji ƙarar har cikin ƙirjinsa.

Likitar dabbobin yarinya ce, sa'ar Auta, mai tabarau da saurin magana. Ta ɗora Hatimi a kan teburin ƙarfe, ta yi hoton ƙashi, ta ɗaga hoton a jikin fitila ta nuna wa Baba: kan ƙashin cinya ya fita daga gurbinsa a ƙugu. Ta mayar, ta ɗaure. Bayan kwana goma ya sake gocewa. Ta sake mayarwa, ya sake fita. A karo na uku ta zaunar da Baba a kujera ta ce sai tiyata. Za ta yanke kan ƙashin gaba ɗaya, don ya daina gugar ƙugu yana ba shi azaba. Baba ya dube ta kamar ta zage shi, ya tambaye ta yadda za a yanke ƙashi a jefar sannan a ce dabba ta taka. Ta ce ƙaramin kare ba shi da nauyi, tsoka da naman wurin za su haɗu su riƙe ƙafar, su yi masa wata gaɓar a madadin waccan. Amma fa sai in yana takawa. In ya naɗe ƙafar ya saba da uku, cinyar za ta tsotse, wurin ya sanƙare, shi ke nan har ya mutu haka zai ja ta.

"Nawa aikin awa ɗaya ne, Baba," in ji ta. "Naka wata biyu ne. Maganinsa tafiya."

Baba ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin rasuwa. Tafiya? Shi za a gaya wa tafiya? Ta ƙara da cewa a hankali, a hankali sosai, har sau uku ta faɗa. Ya ce to, to, ya ji. Bai ji komai ba.

Makonni biyun farko kam ba wanda zai kushe shi. An kawo Hatimi gida da askakkiyar cinya, ɗinki baƙi a jere, da wani abin roba kamar mazurari a wuya don kada ya lashi wurin. Baba ya jawo katifar nan ya sa kusa da kujerarsa. Sau uku a rana yana jiƙa tawul a ruwan ɗumi ya ɗora a cinyar, sannan ya riƙe 'yar ƙafar da yatsu biyu yana lanƙwasawa yana miƙewa kamar mai tuƙa keke, sau goma, yadda aka koya masa. Magani kuwa ko minti ɗaya bai taɓa wucewa ba. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya bai makara ba ai ba zai fara a kan ƙwaya ba.

Da aka cire ɗinki aka fara fita. Nan fa abin ya lalace, shi bai sani ba. Baba ya sa takalmi ya yi gaba, Hatimi ya naɗe ƙafar a ciki tsaf ya bi shi da uku, yana tsalle-tsalle, kuma wallahi bai bari an tsere masa ba. Baba ya ji daɗi. Minti biyar aka ce, ya mayar goma, ya mayar rabin awa. Har waya ya yi wa Auta yana yabon karen, wai jarumi ne, da ƙafa uku ma ya fi wasu masu huɗu.

Ranar komawa asibiti Likita ta ɗauko tef irin na teloli ta auna cinyar hagu, ta auna ta dama. Ta dama ta rame da kaurin yatsa guda. Ta ce Baba ya ja Hatimi a barandar asibitin ta gani. Taku shida ya yi ta ce ya tsaya. Ba ta ɗaga murya ba, amma Baba ya gwammace a ce ta ɗaga. Ta bayyana masa cewa muddin ana sauri, tsalle da uku ya fi wa karen sauƙi, ba zai taɓa sauke ta huɗun ba. Sai an rage tafiyar har tsallen ya gagara, ya rasa yadda zai yi sai ya taka. Ta ce saura kamar mako uku wurin ya gama kamawa, kuma yadda ya kama haka zai zauna. Baba ya ɗauki karensa ya fito, kunya da tsoro sun cika shi. Abu ɗaya matar nan ta bar masa mai rai, ga shi zai nakasa shi da ƙafarsa.

Ya gwada, kada a ce bai gwada ba. Sai ya yi taku goma a hankali, hankalinsa ya ɗan tafi wani wuri, ya farga ya ga ƙafafun sun koma halinsu. Ya gwada ƙirge, ɗaya, biyu, uku kafin kowane taku, sai tafiyar ta zama tsaya-fizga, karen ya zauna ya jira shi sannan ya yi tsalle ɗaya ya cim masa. Ya ɗaure igiyoyin takalminsa da juna, ya kusa kifawa a gaban shagon mai burodi. Har bokiti ya cika da ruwa fal ya ɗauka, wai tsoron zubewa zai rage masa gudu. Ya dawo gida da jiƙaƙƙen wando, Hatimi kuma da ƙafa uku. Kwana biyar suka tafi a haka.

Auta ce ta yi waya ta ji muryarsa ba daɗi. Da ya gama ba ta labari ta yi 'yar dariya ta ce, "Haba Baba, ai abin ba wuya. Tafiyar Inna za ka yi."

Ya ce haka ne fa, ya aka yi bai tuna ba. Washegari ya ɗaura wa Hatimi igiya, ya buɗe ƙofa, ya ɗaga ƙafa zai yi tafiyar Mai Ɗaki, sai ƙafar ta tsaya a sama. Yaya take tafiya? Ya san zamanta a kan 'yar kujera tana tsince shinkafa. Ya san yadda take riƙe kofi da hannu biyu, ya san tarinta, ya san yadda take karkata kai in za ta yi masa tsiya. Amma tafiyarta a kan hanya, ko da ƙafar dama take farawa ko da hagu, ko tana kaɗa hannu, ko ƙasa take kallo, ya lalube kansa kaf bai samu ba. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, har karen ya gaji ya kwanta.

Mutum ɗaya ya san zai iya tambaya, ƙanwar marigayiyar, wadda kowa ke kira Tela saboda shagon ɗinkinta da ke bakin kasuwa. Tsakaninsa da ita kuwa tsokana ce tun tana budurwa. Ya same ta a kan keken ɗinki, allura a baki. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi aiki, ya tambayi yara, abin da bai taɓa yi ba, har ta cire allurar ta ce Mijin Yaya lafiya kuwa, ko wani ne ya mutu? Ya sunkuyar da kai ya ce so yake ta nuna masa yadda yayarta take tafiya. Tela ta fashe da dariya, ta riƙe ciki, ta buga tebur, ta ce yau ga abin da ba ta taɓa ji ba. Tana cikin dariyar sai ta koma kuka na gaske. Ta share fuska da ƙyallen da take ɗinkawa, ta rufe shago, ta ce ya tashi su je.

Ta kama hannun rigarsa ta riƙe gam, ta ce in ya fizge sai ta tara masa jama'a. Suka kama hanyar kasuwa zuwa gida, Hatimi yana biye da su. Abin da ya fara ba shi mamaki, ashe ba jan ƙafa ba ne. Taku ne gajere, a jere, ba tsayawa ba fizga, jiki yana ɗan rangaji.

"Kai ka ɗauka nauyin jiki ne ya hana Yaya sauri," in ji Tela. "Ba shi ba ne. Ita ba ta iya wuce abu ba ta kalle shi ba."

Ta shiga nuna masa. Nan, inda reshen lemun tsami ya leƙo ta kan katanga, Yaya takan tsinki ganye ɗaya ta murza ta shinshina. Nan takan karanta duk takardar da aka manna a jikin falwaya, ko ta ɓatan akuya ce. Nan takan leƙa shagon mai gyaran agogo ta gaya masa agogon bangonsa ya yi latti, shi kuma ya ce nata ne ya yi sauri, shekara ashirin suna wannan musun. Baba ya bi hanyar nan ya fi sau dubu goma, ya san lambar kowane gida da ƙofar da ke cije hannu, amma bai taɓa sanin akwai lemun tsami a layin ba. Wani abin kuma, kafin Tela ta ce ga wuri, Hatimi ya riga ya rage tafiya ya ɗaga kai. Duk ya san su. Har yanzu dai ƙafar a naɗe take, sai dai ta ɗan sauko, tana lilo kusa da ƙasa.

Kwana uku Tela tana rufe shago da safe tana jan Mijin Yaya a titi, mutane suna leƙe suna dariya. A na huɗu, an yi yayyafi da asuba ƙasa ta yi laushi, suna daf da katangar lemun sai ta matse masa hannu ta nuna ƙasa da baki. Hatimi ya sauke ƙafar. Yatsun kawai ya dangwala ya ɗauke, ya yi taku biyu ya sake dangwalawa. Baba ya duba sawun a jiƙaƙƙen yashi, uku masu zurfi, na huɗun ɗan tabo da ƙyar ake gani. Tela ta saki hannun rigarsa. Ta ce to, ita ta koma ga ɗinkinta, masu kaya sun fara zaginta.

Daga nan shi kaɗai ya ci gaba. Da ƙafafun suka fara zumuɗi sai ya nemi abin kallo. Ya tsinki ganyen lemun ya murza. Ya karanta takardun falwaya. Mai gyaran agogo ya fito da kansa ya ba shi kujera, ya ce shi fa har yau in ya kalli agogon bangon nan sai ya ji kamar za ta leƙo. Wata mai sayar da kayan miya ta gaya masa marigayiyar ce ta raka ta asibiti ranar haihuwarta ta fari. Ko'ina ya tsaya sai an ba shi wani guntun labarinta da bai sani ba, ya kwasa ya kai gida, ya zauna a baranda yana jujjuya shi yana lanƙwasa ƙafar Hatimi. Kewarta ta dawo masa sabuwa fil, ta fi ta ranar rasuwa ciwo, amma bai fasa fita ba ko sau ɗaya. Ɗan tabon nan a ƙasa kuma yana ta ƙara zurfi.

Da wata biyu suka cika Likita ta sake ɗauko tef. Ta auna, ta sake aunawa, ta miƙe ƙafar baya har ƙarshe Hatimi bai ko motsa kunne ba. Ta ce saura ƙiris cinyoyin su yi daidai, ɗan ɗingishi zai rage in an yi sanyi, amma ƙafa ta tsira. Ta ce yanzu ma a sake shi ya yi gudu, gudun zai ƙara masa ƙarfi. Ta tambayi Baba yadda ya yi, ya ce koya masa aka yi.

Washegari da safe, a farkon dogon layin da ya miƙe zuwa kasuwa, ya durƙusa ya kwance igiyar. Hatimi ya tsaya jim kamar bai yarda ba, ya girgiza jiki, sannan ya zura da gudu. Ƙafa huɗu. Baba ya ƙirga su da ido, huɗu cif, ta daman tana ɗan jefawa gefe amma tana cin ƙasa. Daɗi ya kama shi har ya ji idonsa ya yi zafi. Ya miƙe ya bi baya da ɗan gajeren takun da ya koya, igiya a hannu. Karen yana ta nisa, yana ƙanƙancewa, ya wuce katangar lemun, ya wuce falwaya, ya bar tsoho shi kaɗai a tsakiyar layi. Baba ya buɗe baki zai kira shi, sai ya fasa.

A kan kwana Hatimi ya ja birki. Ya juyo, ya ɗaga kunne ɗaya yana neman mutuminsa, da ya hango shi sai ya zauna a wurin yana jira.

Baba ya tsaya cak. Ya shiga lalube a shekara talatin da takwas, hanyar kasuwa, hanyar asibiti, hanyar makarantar yara, ko akwai rana ɗaya da ya kai kan kwana ya waiwayo. Ya duba a hankali, shekara bayan shekara, yadda yake jera wasiƙu. Bai samu ba. Ya goge fuska da bayan hannu, ya naɗe igiyar ya sa a aljihu, ya ci gaba da takawa zuwa inda karen ke zaune.